Ranar da Igwa ta Fasa Ƙofar Bebeji

A ƙauyenmu akwai wurin da ake kira Bakin Ƙofa. Nan 'yan acaɓa ke jiran fasinja, nan mai shayi ke kafa teburinsa tun asuba, nan ake sauke buhunan taki in damina ta ƙarato. Ƙofar dai babu ita. Abin da ya saura tudun jar ƙasa ne guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, awaki na hawa suna shan hantsi. Na tashi ina jin sunan nan a bakin kowa, ban taɓa tambayar ina ƙofar ta tafi ba, sai da na ci karo da labarin wata ƙofar da ba ta da nisa da mu, wadda ita an rubuta yadda aka fasa ta da sunan wanda ya ba da umarnin. Ƙofar Bebeji ke nan, a hunturun 1903.

Na ɗauki Bebeji ne don a nan abin ya faru a yini guda, ƙofar da aka gina saboda doki da kibiya ta yi arba da igwa. Da na bi sawun labarin kuwa, sai na ga ashe ƙyaure kawai igwar ta karya. Abin da ya ci ƙofofin garuruwanmu daga baya ya zo, sannu a hankali, babu wanda ya ji ƙararsa.

Garin da ke bayan ƙofar

Bebeji tana kudu maso yammacin birnin Kano. Yau wanda ya hau babban titin Kano zuwa Zariya sai ya ratse kafin ya same ta, da yawa ma madatsar ruwan Tiga suka sani a ƙaramar hukumar, ba garin ba. A ƙarni na 19 kuwa ta cikinta hanya ke bi. Ayarin da ya taso daga Zazzau, in ya ƙetare iyaka ya shigo ƙasar Kano, Bebeji ce babban gari mai ganuwa da zai yada zango kafin birni. Baturen nan Clapperton ya bi ta nan a 1826, ya kuma bayyana ta a matsayin gari mai ɗimbin jama'a wanda kasuwanci ne sana'ar mutanensa.

Kasuwancin da ya fi ɗaga yankin shi ne fataucin goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe hanyar Gwanja: a ɗora wa jakuna kanwa da baƙaƙen riguna da jan fata, a yi wata da watanni a hanya, a dawo da goro. A Bebeji aka haifi Alhassan Dantata a 1877, a gidan Agalawa, mahaifinsa Abdullahi bafatake ne. Ku riƙe sunan nan, zai sake fitowa.

Inda dukiya ta taru, idon mahara na kai. Daga kudu maso gabas Ningawa sun addabi ƙasar Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855. Daga arewa maso yamma ga mayaƙan Maraɗi. Sai Basasa, yaƙin gadon sarautar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, wadda ta raba garuruwa da dangi gida biyu. Ba a gama farfaɗowa ba Damagaram ta taso. Mutumin da aka haifa a wannan yanki a 1850 bai san shekara goma a jere babu gudun hari ba.

Yanayin harin shi ya tsara ƙofar. Mahara da rani suke zuwa, a kan dawakai, su afka wa na gona da na bakin rafi, su kora shanu, su kama mutane, su juya kafin gudunmawa ta iso daga birni. Ba su da guzurin zaman wata guda a gindin ganuwa. Don haka garin da ya samu ya tattara mutanensa ya rufe ƙofa, ya riƙe ta kwana biyu ko uku, ya tsira. Aikin ƙofa ke nan, ta saya wa gari lokaci.

Yadda ake gina ta, da yadda ake riƙe ta

Ƙofofin garuruwan ƙasar Kano kusan tsarinsu ɗaya ne, bambancin girma ne. Wanda ya nuna mini shi da hannu wani tsohon magini ne a garinmu, ɗan gado, wanda yanzu ba ya hawa gini sai dai ya zauna a inuwa yana gyara wa yara. Na same shi ana yi wa wani maƙwabci katanga. An haƙo jar ƙasa, an zuba mata ramno da ruwa, samari sun tattaka ta da ƙafa, an bar ta kwanaki ta jiƙu ta yi danƙo. Ya gutsuro curi guda ya mulmula a tafin hannu, gindi faffaɗa, kai tsini, ya ajiye a rana. Tubali ke nan. In ya bushe ana jera shi tsinin na kallon sama, a cike tsakani da ɗanyar ƙasa, a bar sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Katangar gida tubali biyu ko uku ne kaurinta. Ganuwa kuwa gindinta faɗin ɗaki ne ko fiye, tana hawa tana tsukewa.

Ita ƙofar zaure ce aka huda a jikin wannan kauri, aka rufa samanta da azara. Azarar giginya gara ba ta cinta, amma tana da iyaka: in faɗin ya wuce taku shida ko bakwai ba ta ɗaukar nauyin ƙasar da za a zuba a kanta sai da dabarar tokara. Shi ya sa tsofaffin ƙofofi ƙuntatattu ne, raƙumi da kayansa ya wuce, mahaya su shiga ɗai-ɗai.

Na ce, "Baba, da sun so ai da sun faɗaɗa ta da bakan gizo, kamar yadda ake yi a soron sarki."

Ya dube ni ya yi dariya. "Yaro ke nan. Soro baƙonka kake so ya shiga ya yaba. Ƙofa mai faɗi kuwa ai ka yi wa maƙiyi hidima. Mu abin da muka ji, a matse ta, a tsawaita ta, in da hali a karkata ta, yadda mai shiga sai ya juya kan dokinsa."

Maganarsa ta ƙarshen nan ita ce mabuɗin abin da ya faru a 1903, za mu dawo kanta.

A cikin zauren ake kafa ƙyaure, na katako ko na ƙirgin sa da aka ɗame a kan itace, maƙera su bi shi da faifan ƙarfe da ƙusoshi. Daga ciki a tokare shi da gagarabadau, gungumen nan da sunansa ya zama kirarin jarumai. Ramin da aka haƙi ƙasar ginin ba a cike shi, shi ne gwalalo, a shuka masa sarƙaƙiya ta yi duhu, a bar siririyar hanya guda zuwa bakin ƙofa. Ta ciki kuma ga badala, inda 'yan baka da 'yan bindiga ke tsayawa suna harbi ta ramukan da aka bari a saman ganuwa. Malamai ma da nasu aikin, don da wuya a kafa ƙofa ba a binne mata laya ko an rubuta mata addu'a ba. Wanda ya shiga Gidan Makama a birni zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin Kano da ƙarafansu, ya ƙiyasta nauyin abin da ake turawa safe da yamma.

Duk wannan gini ne. Abin da ya sa ya zama ƙofa mutum ne, sarkin ƙofa, wanda gidansa ke jikinta. Shi ke rufewa da faɗuwar rana, shi ke buɗewa da fitowarta, kamar yadda Clapperton ya ga ana yi a ƙofofin Kano tun zuwansa na farko a 1824. Baƙon da ya makara a waje zai kwana, ko wane ne. Sarkin ƙofa ya san fuskar kowa a gari, ya san jakin wane ne ya fita bai dawo ba. In ayari ya iso shi ke aika wa fada cewa madugu wane ya sauka da jakuna kaza. Mai itace ya zare masa ƙirare biyu, mai dawa ya ɗibar masa ɗan abin da ya samu, da haka yake ci. Ɗan leƙen asirin sarki ne, mai karɓar kuɗin shiga ne, mai gadi ne, duk shi kaɗai.

Sai kuma yaɓe, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Ginin ƙasa kowace damina sai ta ci rabonta a jikinsa. Ruwa ya zaizaye sama, ya bi tsaga, ya kwakule gindi. Saboda haka da an gama kaka sarki ke sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauyen da ke gudowa cikin ganuwar in an kawo hari yana da yankin da zai gyara. A fito da kiɗa, mata na kawo ruwa da fura, sarkin magina na zagayawa. Mu faɗi gaskiya, ba duka gayyar son rai ba ce. Bayi sun yi kaso mai yawa na wannan aiki, talaka kuma ba a tambayarsa ko yana so. Amma ya san in bai yaɓa ba, shi da 'ya'yansa ne a bakin mashi.

Yinin da abin ya faru

Ranar 3 ga Oktoba 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen mulki Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga, wanda dama idonsa na kan Kano da Sakkwato, ya samu hujjar da yake nema. A watan nan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu aka naɗa Attahiru. A farkon Janairu 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawakai masu yawa, ya bar birni a hannun bayin sarki, ciki har da Sarkin Shanu. Kafin nan ya sa an gyara ganuwar birni, an kuma ƙarfafa garuruwan da ke kan hanyar Zariya.

Ranar 29 ga Janairu Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa 4 da bindigar Maxim mai ɓarin harsashi 4. Turawan cikinsu ba su kai 40 ba. Sauran baƙar fata ne, da yawansu ma da Hausa suke magana, abin da ba mu cika son tunawa ba. Lokacin sanyi ne da hazo, dab da shigar Zulƙida ta 1320. Bayan sun ƙetare iyaka, Bebeji ce wuri na farko da aka tare su.

Suka tarar da ƙofa a rufe, mutane a kan badala. Yadda rahoton Lugga ya kawo, Razdan na Zazzau Kyaftin Abadie, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya hau doki da tafintansa har gindin ganuwa, ya nemi a buɗe kada a zubar da jini. Aka yi magana tsakanin na ƙasa da na sama, ba a buɗe ba. Rahoton ya ce dalili shi ne Alu ya yi alkawarin kisa ga duk wanda ya buɗe wa Nasara ƙofa. Sai aka juyo da igwa. Harsashinta ya fasa ƙyauren, ya kashe Sarkin Bebeji da manyansa uku, sojoji suka kutsa. Abin da aka shekara ɗari ana tanadi dominsa bai ɗauki yini ba.

Labarin nan daga bakin waɗanda suka yi harbin muka same shi, dole a karanta shi da wannan a zuci. Batun tsoron Alu ya yi wa Lugga daɗi, don abin da yake son mutanen Landan su yarda da shi ke nan, cewa jama'a ba sa ƙin Bature, sarakuna ne ke tilasta musu. Ban ce ba a yi barazanar ba. Alu sarki ne da ya hau da takobi, ba a wasa da umarninsa. Amma tsoro kaɗai ba ya sa mutum ya tsaya a bayan ƙyauren da ya ga an saita wa igwa. Mai tsoro ta wata ƙofar yake fita ya nufi birni, kamar yadda wasu suka yi washegari.

Kada kuma a ce rashin sani ne. Bebeji garin fatake ne, labari a nan yake fara sauka. Sun ji abin da ya samu Bida da Ilori a 1897, sun ji Kwantagora da Yola a 1901, inda Morland ɗin nan da kansa ya jagoranci yaƙin Yola, sun ji Bauchi a 1902. Zazzau da ke maƙwabtaka da su ma an riga an ɗauke Sarki Kwasau. Sarkin Bebeji ya san mece ce igwa.

Ni yadda na fahimci lamarin, ƙofar ba tasa ba ce da zai bayar. Amana ce a hannunsa daga Sarkin Kano, shi kuma daga Sarkin Musulmi. Ubangidansa ba ya gari, babu wanda zai aika wa ya jira amsa, ga baƙo a ƙofa yana cewa a buɗe yanzu. In ya buɗe, ya ci amana, ya kuma miƙa garin Musulmi ga Nasara da hannunsa. In ya ƙi, ga igwa. Gaba kura baya sayaki. Sai ya yi abin da duk sarkin gari mai ganuwa ya gada, ya rufe, ya tsaya inda jagora ke tsayawa, yana fatan ƙofa ta saya masa kwana biyu kamar yadda ta saba yi wa iyayensa. Harsashi ɗaya ya same shi tare da manyansa uku, wannan kaɗai ya isa ya nuna a ina suke a lokacin. Ba a cikin gida suke ba.

Kuskuren da ke ciki na lissafi ne, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. A yaƙin da suka sani, bayan ƙyaure shi ne wuri mafi tsaro kuma mafi muhimmanci, domin maƙiyi sai ya zo da gatari ko wuta har jikinsa, 'yan baka na zuba masa kibau ta sama. Igwa daga nesa take aiki, inda kibiya ba ta kaiwa, kuma harsashinta fashewa yake yi. Zauren da aka matse don ya takura mai shigowa sai ya zama shi ya tattara manyan gari wuri guda.

Garuruwan da ke gaba sun ji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rahoton ya ce daga nan har kogin Challawa, dab da birni, ba a sake tare su ba, mayaƙa suka janye zuwa birni, mutanen gari suka zauna a gidajensu. Duk ganuwar da aka sha wahalar gyarawa a wannan hanya ba a harba kibiya ɗaya daga kanta ba.

Abin da Kano ta nuna

Ranar 3 ga Fabrairu suka iso birni, a nan ne kuma maganar tsohon maginin nan ta fito. Lugga da kansa ya rubuta cewa bai ga abin da ya kai ganuwar Kano ba a Afirka: kewayenta mil 11, ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta wajen ƙafa 40, ga gwalalo cike da ƙaya. Ya ce ƙyamaren kansu na fata ne marasa ƙarfi, amma zaurukan da aka kafa su ciki dogaye ne masu lanƙwasa, wasu kuma an shigar da su ciki yadda mai tunkara zai sha harbi ta dama da hagu.

Igwar da ta gama da Bebeji aka saita wa ganuwa da ƙofar da ke kan hanyar Zariya, ba ta yi komai ba. Ƙasa haɗiye harsashi take yi. Sai da Morland ya zagaya yamma zuwa Ƙofar Kabuga, inda aka samu damar saita ƙyauren kai tsaye, sannan aka samu kafar shiga. Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. Ke nan tubali bai ba da kunya ba a 1903, ko a Bebeji ko a Kano. Raunin yana jikin ƙyaure, kuma inda magina suka karkata hanya, igwa ba ta gan shi ba.

Sauran labarin sananne ne. Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a yaƙi da Turawa a Kwatarkwashi, aka naɗa Wambai Abbas sarki, Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926.

Mutuwar da ba a rubuta ba

Ƙyauren da igwa ta fasa, kafinta da maƙeri za su iya mayar da shi cikin mako guda. Garuruwan da suka buɗe ba a taɓa nasu ba ma. To ina ƙofofinsu yau? Ta garinmu babu wanda ya taɓa harbinta, ga ta nan tudu biyu.

Abin da ya faru shi ne, ɗaya bayan ɗaya aka zare dalilan da ke sa a rufe ta. Hari ya tsaya, sai manomi ya ga babu amfanin ya riƙa tafiyar awa guda zuwa gonarsa, ya fita ya kafa gida a cikinta. Ƙauyuka da yawa da muke gani a warwatse yau a lokacin suka tsiro. An rufe kasuwar bayi ta Kano da shigar Turawa, doka kuma ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, sai hannun da ke yaɓe ya fara raguwa. Aikin tilas bai ƙare ba, wurinsa aka canja, aka mai da shi kan hanya da barikin Bature da layin dogo. A 1907 aka soke kuɗin fito da ake karɓa daga ayari. Haraji ya koma na ƙidayar kai da gona, ana rubutawa a takarda, hakimai kuma aka fitar da su daga birni zuwa gundumomi a zamanin Razdan Cargill, wanda har ya samu laƙabin Mai Gunduma. Sarkin ƙofa ya wayi gari da sarauta babu aiki, babu ƙirare biyu.

Na ƙarshe shi ne hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma layin bai shiga Bebeji ba. Goron da ake wata da watanni ana jansa a kan jaki ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau dogo. Cikin waɗanda suka fara gane wannan sabuwar hanya har da ɗan garin, Alhassan Dantata, wanda daga baya ya koma sayen gyaɗa ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, a Kano ya zauna, ya rasu a 1955. Ba laifinsa ba ne, ɗan kasuwa inda riba take yake bi. Amma abin lura ne cewa ɗan ayarin Bebeji na cikin waɗanda suka sa ayari ya daina zuwa ƙofar Bebeji.

Daga nan damina ta karɓi aiki. Shekarar farko da ba a yaɓa ba, tsaga ce kawai. Ta biyar, azara ta fito fili. Wata rana wani ya zare ta ya rufa ɗakinsa, don icen giginya mai shekaru ba abin yarwa ba ne. Da mota ta zo, lorin gyaɗa ba ya shiga ƙofar da aka auna da raƙumi, sai a sare ganuwa a gefe a yi masa hanya, ko a rushe zauren gaba ɗaya. Birni ma bai tsira ba. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina wata, yawancin ƙofofin da muke wucewa ta ƙarƙashinsu yanzu na siminti ne, faffaɗa, babu ƙyaure. Suna da kyau a hoto, ban musa ba. Sai dai wanda ya kalle su ba zai fahimci abin da ya sa igwa ta gaza a wata ƙofar ta yi nasara a wata ba, tunda lanƙwasar da ƙuncin su ne aka fara cirewa.

A takarda kam an yi ƙoƙari. Ganuwar Kano da ƙofofinta suna cikin kayan tarihin ƙasa, an kuma sa su a jerin wucin gadi na UNESCO a 2007. Tsohon masallacin Bebeji shi ma yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Ƙofofin ƙananan garuruwa irin namu kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa, sunansu kawai ya rage a bakin kwandastan mota da kan takardar filaye.

Kwanan baya na koma wajen tsohon maginin nan na tambaye shi, in da za a samu mai ɗaukar nauyi, za a iya tayar da ta garinmu yadda take? Ya ce ginin ba shi ne wahala ba, rani biyu ya isa in akwai ruwa kusa da samari talatin. Giginyar ce sai an je nesa, don ta kusa an sare. Ya lissafa mini da yatsu: masu haƙa, masu taka ƙasa, masu mulmula, maƙeri guda. Sannan ya ce, "Amma ka sani, malam, duk bayan kaka sai an hau an yaɓa. Ka samo mini waɗanda za su hau shekara ta uku, bayan masu ɗaukar hoto sun tafi, sai mu fara."

Muna cikin magana sai ga wani yaro da amalanke ya nufi tudun hagu da diga. Mahaifinsa ne ya aiko shi, za su ɗaga katangar bayan gida da ruwan bara ya kayar. Tsohon ya bi shi da kallo, na zaci zai hana. Sai ya ɗaga murya ya ce masa ya haƙa ta ɓangaren gabas, ƙasar can ta fi danƙo, an riga an taka ta tun zamanin kakanni, ba ta bukatar ramno.